A Kai Tsohuwar Kyamara Mai Ido Biyu Ɗakin Kimiyya

Duk ɗalibin da ya zauna jarrabawar fita sakandare a fannin fiziks ya san tambayar nan da ba ta tsufa: a zana hanyar da haske ke bi idan ya ratsa gilashi mai tudu a tsakiya, a kuma nuna inda surar abu za ta faɗa. Ɗalibai da dama suna amsa ta daidai, su ja layuka da rula, su rubuta cewa surar za ta fito a kife. Amma da za a tambaye su ko sun taɓa ganin wannan kifaffiyar sura da idanunsu, kaɗan ne za su ɗaga hannu. Ilmin ya tsaya a hadda, ita kuwa hadda takan gudu da zarar an fito daga zauren jarrabawa.

Akwai wata na'ura da za ta iya rage wannan giɓi, kuma ba sai an ƙera ta ba, domin tana nan a jibge cikin akwatunan tsofaffin masu hoto da kantunan kayan gwanjo. Ita ce kyamara mai ido biyu, wadda ake riƙewa a daidai ciki, a sunkuya a leƙa ta sama. Zamani ya wuce ta a fagen sana'a, wannan ba abin musu ba ne. Amma a fagen koyarwa har yanzu da wuya a sami kamarta, saboda haka ya kamata makarantu su neme ta tun ba ta ƙare ba.

Yadda aka gina ta

Kyamarar akwati ce mai ɗakuna biyu, ɗaya bisa ɗaya, kowane da idonsa na gilashi. Idon ƙasa shi ne mai ɗaukar hoto: haske ya shiga ta cikinsa ya faɗa kan fim. Idon sama na kallo ne kawai. A bayansa akwai madubi da aka jingine a kan digiri 45, wanda ke karkata haske zuwa sama, ya sauke shi a kan wani gogaggen gilashi mai dishi-dishi. A nan mai hoto ke ganin abin da zai ɗauka. Idanun biyu suna kafe a kan faranti guda, kuma nisan matattarar haskensu ɗaya ne, don haka idan aka murɗa makunnin saiti sai su matsa gaba ko baya tare. Abin da ya fito tangaran a gilashin sama, haka zai fito a kan fim.

Kamfanin Franke & Heidecke na birnin Braunschweig a Jamus shi ne ya fitar da sunan irin wannan kyamara, lokacin da Rolleiflex ta shiga kasuwa a 1929. A 1933 kamfanin ya fito da ƙanwarta mai rahusa, Rolleicord. Daga baya wasu suka bi sahu: Yashica da Mamiya a Japan, Lubitel a Tarayyar Sobiyat, Seagull a ƙasar Sin. Yawancinsu suna amfani da fim mai lamba 120, wanda Kodak ya fara yi tun 1901. Naɗi ɗaya yana ba da hoto 12, kowane murabba'i ne mai milimita 56 a kowane gefe. Girman filin wannan ya ninka na ƙaramin fim mai milimita 35 fiye da sau uku da rabi, shi ya sa hotunanta ke jure a faɗaɗa su ba tare da sun dushe ba.

Darasi huɗu a akwati guda

Darasi na farko shi ne na sura. Malami zai buɗe bayan kyamarar, ya saita murfin ido a kan harafin B domin ya tsaya a buɗe muddin ana danne da shi, sannan ya shimfiɗa siririyar takarda da aka shafa wa ɗan mai a gurbin fim. Idan aka fuskanci taga, ɗalibi zai ga bishiyar waje a kan takardar, kanta a ƙasa, gindinta a sama. In ya leƙa gilashin sama kuwa, sai ya ga bishiyar a tsaye daidai, amma dama ta koma hagu. Dalili shi ne idon gilashi yana juya sura ta fuska biyu, madubin kuma ya gyara juyin sama da ƙasa kaɗai. Wannan shi ne jikan gwajin ɗaki mai duhu da Ibn al-Haisam, haifaffen Basra, ya yi bayaninsa a birnin Alƙahira kimanin shekara dubu da suka wuce. Gani ya kori ji.

Darasi na biyu na lissafi ne. Littafin fiziks ya ce 1/f = 1/u + 1/v. A ɗauki kyamarar da nisan matattarar haskenta ya kai milimita 80. Idan abin da ake kallo yana can nesa ƙwarai, sura za ta faɗa a milimita 80 daga ido. Idan yana nisan mita 2, lissafi zai ba da kimanin milimita 83. In ya matso zuwa mita 1, amsar ta zama kimanin milimita 87. Ma'ana, daga nesa zuwa mita ɗaya faranti zai fito gaba da milimita 7. Ɗalibi zai iya yin lissafin a takarda, ya murɗa makunni, ya sa rula ya auna. Ranar da yaro ya ga ƙarfe ya motsa daidai da abin da alƙalaminsa ya faɗa, ranar ce zai yarda cewa lissafi ba tatsuniya ba ne.

Darasi na uku ya shafi yawan haske. A jikin ido akwai lambobi kamar haka: 4, 5.6, 8, 11, 16, 22. Kowace lamba ana samun ta ne idan aka raba nisan matattara da faɗin ƙofar haske. A ido mai milimita 80, lamba 4 na nufin ƙofa mai faɗin milimita 20, lamba 8 milimita 10, lamba 16 kuma milimita 5. Me ya sa lambobin ba su tafi 1, 2, 3 ba? Saboda hasken da ke shiga ya dogara ne a kan girman filin da'ira, shi kuwa filin da'ira yana ninkuwa biyu ne idan faɗinta ya ƙaru da kimanin 1.4. Kowane mataki yana rage haske da rabi. Ɗalibi na iya duba idon ƙasa ya ga ƙananan ganyayen ƙarfe suna tsukewa suna buɗewa, tamkar yadda ƙwayar idon mutum ke yi tsakanin rana da inuwa. A nan fiziks da lissafi da ilmin halittu sun haɗu a wuri guda.

Darasi na huɗu ya fito ne daga aibin kyamarar. Tun da idanun suna da tazarar santimita 4 zuwa 5 a tsakaninsu, ba abu ɗaya sak suke gani ba. Daga nesa bambancin ba ya damun kowa, amma in aka matso kusa, sai mai hoto ya ga fuska cikakkiya a sama, fim kuwa ya yanke hular. Wannan saɓanin gani shi ne abin da kowa ke ji idan ya miƙa babban yatsa, ya rufe ido ɗaya sannan ya rufe ɗayan, ya ga yatsan yana tsalle. Da irin wannan dabara Friedrich Bessel ya auna nisan tauraro 61 Cygni a 1838, ta hanyar kallonsa daga wurare dabam-dabam a kan hanyar da duniya ke bi tana zagaya rana.

Abin da masu suka za su ce

Wani zai ce, ina amfanin wahala da tsohon ƙarfe alhali kusan kowane gida akwai wayar salula mai ɗaukar hoto? Gaskiya ne wayar ta fi sauri, ta fi arha a kowane hoto, kuma babu mai hankalin da zai ce a koma baya a fagen sana'a. Tun 1959 da Nikon F ta fito, 'yan jarida suka fara juya wa kyamara mai ido biyu baya, kuma tun 1975 da Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta farko a kamfanin Kodak aka kama hanyar da ake kai yau. Sai dai abin da ya sa waya ta yi daɗin amfani shi ne ya sa ba ta koyarwa: ta ɓoye komai. Idonta bai kai ƙwayar wake ba, a manne yake, kuma manhaja ce ke yanke shawarar haske da saiti kafin mutum ya ƙifta. Ɗalibin da ya ɗauki hoto dubu da ita bai ƙaru da komai ba game da haske.

Suka ta biyu ita ce tsada, kuma tana da ƙarfi. Rolleiflex mai lafiya ta zama kayan masu tara tsofaffin abubuwa, kuɗinta ya fi ƙarfin makaranta. Fim mai lamba 120 har yanzu Kodak da Ilford suna yin sa, amma samunsa da wanke shi ba abu ne mai sauƙi ba a yawancin garuruwa. Amsa a nan ita ce, duk darussa huɗun da aka lissafa babu wanda ke bukatar fim ko batir. Seagull ko Yashica da ta tsufa ta wadatar, matuƙar gilashinta bai fashe ba. Makarantar da ta sami hali tana iya ƙara darasi na biyar: a yanka takardar wanke hoto a sa a gurbin fim, a ɗauka, a wanke a ƙarƙashin jan fitila. A nan malamin kemistiri zai nuna yadda haske ke taɓa gishirin azurfa, yadda ruwan wanki na farko ke mai da wurin da haske ya taɓa baƙi, da yadda na biyu ke narkar da ragowar domin hoton ya tabbata. Dole ne dai a yi wannan da safar hannu, a ɗaki mai iska, kuma kada a bar yaro ya fuskanci rana da kyamarar yana leƙawa.

Akwai tarihi a cikin akwatin

Wannan kyamara ba baƙuwa ba ce a Afirka ta Yamma. Sanlé Sory, wanda ya buɗe shagon Volta Photo a Bobo-Dioulasso a 1960, da Rolleiflex ya yi aiki. Haka Malick Sidibé na Bamako, wanda ya ɗauki samari da 'yan matan Mali na bayan samun 'yanci, har aka ba shi lambar Zakin Zinariya a bikin fasaha na birnin Fenis a 2007. Abin da ya ɗaukaka waɗannan mutane shi ne sun adana dodon hotunansu shekara da shekaru. A Amurka ma, Vivian Maier, mai renon yara ce da ta bar dodon hoto fiye da 100,000, ba a san da su ba sai da aka yi gwanjon kayanta a Chicago a 2007.

Abin lura a nan shi ne, inda aka sami tsohuwar kyamara, sau da yawa akwai kwalin dodon hoto a kusa da ita. A ciki za a iya samun hawan salla, da bikin aure, da kasuwar da aka rushe, da fuskokin mutanen da ba su bar wani hoto ba. Zafi da laima da gara ba sa jira. Fim ɗin da ya fara warin tsami ya riga ya kama hanyar lalacewa. Idan magada ba su san darajarsa ba, bola ce makomarsa, kuma abin da ya tafi ta nan ba ya dawowa.

Abin da ya kamata a yi

Aikin ba ya bukatar kasafin gwamnati. Ƙungiyar kimiyya ta kowace makaranta tana iya tura ɗalibai su yi sallama da tsofaffin masu hoto na garinsu, su nemi aro ko saye ko kyauta. In an samu, a ajiye kyamarar a busasshen wuri, kada a tilasta makunnin da ya cije, kada kuma a goge ido da bakin riga. Dodon hoto a riƙe shi ta gefe, a sa kowane a ambulan ɗin takarda, a rubuta suna da wuri da shekara tun mai shi yana da rai yana iya tunawa. Da izininsa, ana iya ɗora dodon a kan haske a ɗauke shi da waya, a juya baƙi ya koma fari. Ta haka sabuwar na'ura za ta yi wa tsohuwa hidima.

Mafi alheri kuma shi ne a gayyaci dattijon da kansa ya shigo aji. Mutumin da ya shekara talatin yana auna haske da ido, yana da hoto 12 kacal a naɗi, ba shi da damar kuskure, ya san abubuwan da littafi ya taƙaita a shafi biyu. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Su waɗannan dattawa suna raguwa kowace shekara, akwatunansu ma haka, don haka makarantar da ke da niyya ta fara tambaya a wannan zangon karatu.