SHARHI: Shiru ne ke kashe aikin sa-kai: darasin dashen manhaja ga matasan Katsina

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba bai wa manhajar Windows 10, in ban da ƙarin wa'adin da ya yi wa waɗanda suka yi rajista ta musamman. Labarin bai kai na tsaro ko na farashin masara ɗaukar hankali ba, amma ya shafi ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke rubuta kundin kammala karatunsa a kwamfutar hannu, ya shafi mai shagon buga takardu a birnin Katsina, ya kuma shafi makarantar da ke koya wa yara kwamfuta domin jarrabawar JAMB. Windows 11 tana buƙatar wata na'urar tsaro mai suna TPM 2.0 da kuma ƙwaƙwalwar kwamfuta ta kwanan nan, alhali tsofaffin kwamfutoci da yawa da ake shigowa da su daga Turai da Amurka ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba.

Mafitar da masana suka fi nunawa ita ce Linux, manhajar da Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Buɗaɗɗiyar manhaja ce: kowa na iya duba yadda aka gina ta, ya gyara, ya raba kyauta. Sai dai kafin ta yi aiki a kan sabuwar na'ura, ko ta yi magana da sabon harshe, dole wasu su zauna su daidaita ta, kamar yadda manomi ke ciro tumatir daga wurin reno ya dasa a fadama. Wannan dashen, galibi masu aikin sa-kai ne ke yin sa. A Katsina kalmar sa-kai takan tuna wa mutum da masu tsaron ƙauyuka. Waɗannan kuwa makaminsu kwamfuta ce, kuma abin da ya fi karya su shi ne a rasa wanda zai gaya wa jama'a inda aiki ya kwana.

Abin da ya faru da Asahi Linux

Babu misalin da ya fi bayyana wannan kamar aikin Asahi Linux. A watan Nuwamban 2020 kamfanin Apple ya fito da kwamfutoci masu ƙwaƙwalwar da ya ƙera da kansa, wadda ya kira M1, bai kuma fitar da cikakken bayanin yadda take aiki ba. Wani injiniya, Hector Martin, ya ɗauki alkawarin dasa Linux a kanta, ya nemi jama'a su tallafa masa da kuɗi kowane wata. Da shi da abokan aikinsa, ciki har da Alyssa Rosenzweig wadda ta yi fice wajen sarrafa ɓangaren hoto, sai da suka riƙa binciko sirrin na'urar sashe bayan sashe. A watan Maris na 2022 suka fitar da gwajin farko ga jama'a, a ƙarshen 2023 kuma aka samu Fedora Asahi Remix wadda mutum zai iya aikin yau da kullum da ita.

Abin da ya bambanta su da sauran ayyuka irin wannan shi ne rahoto. Sun riƙa fitar da dogon bayani kan abin da aka cim ma, da dalilin da ya sa wani ɓangare ya gagara. Suna kuma da jadawali da ke lissafa sassan kowace kwamfuta, daga lasifika zuwa kyamara, ana nuna wanda ke aiki, wanda ake kan yi, da wanda ba a taɓa ba. Mai son sayen kwamfuta ya san abin da zai tarar. Mai son taimakawa ya san ƙofar da zai shiga. Mai bayar da kuɗi ya ga inda kuɗinsa ya tafi.

Duk da haka, a watan Fabrairun 2025 Martin ya ajiye shugabancin aikin. Cikin dalilan da ya bayar akwai gajiya, da saɓani da wasu manyan masu kula da Linux, da raguwar tallafi, da kuma matsin lambar masu amfani da manhajar waɗanda kullum tambayarsu ita ce yaushe za a gama kaza. Aikin bai mutu ba. Mutum bakwai suka karɓi ragama tare, suka mayar da tara kuɗi ƙarƙashin asusun ƙungiya, suka ɗaura fitar da rahoto da lokacin da sabuwar Linux ke fitowa, wato kusan duk bayan wata biyu. Sun iya ci gaba ne saboda an rubuta komai tun farko. Darasin biyu ne: rahoto na gaskiya yana tsawaita ran aiki, kuma idan nauyinsa ya rataya a wuyan mutum ɗaya, sai ya karya shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Dashen da ya fi shafar mu

Ba lallai matasan Katsina su yi kokawa da ƙwaƙwalwar Apple ba. Dashen da ke gabansu shi ne na harshe. Google Translate ta fara Hausa a watan Disamban 2013, Facebook ya biyo baya a 2016, amma waɗannan kamfanoni ne masu yin abin da ya yi musu. A ɓangaren buɗaɗɗen aiki kuwa, akwai Wikipedia ta Hausa mai dubun-dubatar maƙaloli da 'yan sa-kai suka rubuta. Akwai Common Voice ta gidauniyar Mozilla, wadda Hausa ta shiga rumbunta a 2021. Akwai ƙungiyar Masakhane da aka kafa a 2019 domin harsunan Afirka, da HausaNLP, inda masu bincike irin su Shamsuddeen Hassan Muhammad suka tattara bayanan da ake koya wa na'ura Hausa da su.

Yadda Common Voice ke aiki ya isa misali. Mutum zai karanta jimla a ɗauki muryarsa, sannan sai wasu mutum biyu sun saurara sun amince kafin muryar ta shiga cikin ingantattu. Ɗaukar murya na da daɗi, ana yin ta a taro, a ɗauki hotuna. Saurare da tantancewa kuwa aiki ne na zaman kaɗaici. Idan babu mai sanar da jama'a cewa muryoyi sun taru ana jiran masu tantancewa, kowa zai ci gaba da yin abin da aka riga aka yi. Haka fassarar manhaja take. Wani ya rubuta “ajiye”, wani ya rubuta “adana” a kan maɓalli ɗaya. Wani ya sa ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ, wani ya bar su tsirara, har a kasa bambance kafa da ƙafa. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a nan rashin sanin abin da ɗan'uwanka ya yi jiya ne ke sa a maimaita wahala.

Me ya kamata rahoto ya ƙunsa

Rahoton da zai amfani mai aikin sa-kai a Katsina ba ya buƙatar tsawo. Ya faɗi abin da aka gama tun bayan rahoton baya, da abin da ya tsaya da dalilinsa, da ƙananan ayyukan da sabon shiga zai iya ɗauka cikin mako guda. Ya ambaci waɗanda suka yi aiki, domin yabo ne kaɗai albashinsu. Ya kuma faɗi ƙarara abin da ba za a yi ba a bana, saboda alkawarin da ba a furta ba amma jama'a suka ɗauka an yi, shi ke jawo irin tambayoyin da suka gajiyar da Martin. A tsayar masa da rana, a kuma riƙa karɓa-karɓa wajen rubuta shi.

Dole kuma ya dace da halin da muke ciki. Data na da tsada, wuta ba ta tsayawa, kuma mutanen jihar nan ba su manta da 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar tsaro. Rahoton da sai an kalli bidiyon awa ɗaya da Turanci kafin a fahimce shi ya ware mafi yawan waɗanda ake yi dominsu. Gajeren rubutu da Hausa, ko saƙon murya na minti uku da za a iya turawa daga waya zuwa waya, ya fi kai wa ga ɗalibin da ke Dutsin-Ma ko Daura.

Ina gwamnati ta shigo?

Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya kafa hukumar fasahar sadarwa ta jihar, KATDICT, a 2023, shekarar da ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da matasa miliyan uku. Duk wanda aka horar yana buƙatar wurin gwada hannunsa, kuma buɗaɗɗen aiki ya fi takardar shaida nuna gwaninta, tunda duk mai son ɗaukar ma'aikaci zai iya ganin abin da mutum ya rubuta da idonsa. Idan hukumar da manyan makarantun birnin, irin su Jami'ar Al-Qalam da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, suka ba ƙungiyoyin ɗalibai ɗaki mai wuta da intanet, da tsofaffin kwamfutocin ofis da ake shirin jingine wa, sun yi abin da ya fi bikin buɗe taro amfani.

Sannan ma'aunin da muke ɗora wa 'yan sa-kai ya fi cancanta a ɗora wa masu riƙe da kuɗin jama'a. Idan mutanen da ba a biyan su albashi za su iya fitar da jadawalin abin da ke aiki da wanda ba ya aiki duk bayan wata biyu, matasan Katsina na da hujjar neman irinsa daga kowane shirin fasaha na gwamnati: manhaja nawa aka yi alkawari, wacce ta fara aiki, wacce ta tsaya, kuma a kan me.