Ina Za Ka Kai Baƙonka? Mu Leƙa Daura

 

Hutu ya ƙarato, lokacin baƙi ke nan. Wani ɗan kawunsa zai zo daga Legas, wata kuma ƙawarta ce za ta zo daga Jos ko Maraɗi. To, idan baƙon ya huta ya sha ruwa, ina za ka kai shi? Amsar yawancinmu ba ta wuce gidan kallon ƙwallo, ko babban kanti a sha askirim a ɗau hoto. Ba laifi ba ne, amma duk wannan akwai shi a garinsu. Abin da babu a garinsu shi ya kamata ya gani, kuma sau da yawa abin yana kusa da mu.

Bari in ba ku misali da tafiyar yini guda. A hutun da ya wuce wani abokina, Bahaushe haifaffen Agege, ya zo Kano. Tun yana ƙarami yake jin labarin Bayajidda a bakin kakarsa, amma bai taɓa taka Daura ba. Muka nemi izinin iyaye, muka shiga motar haya da sassafe.

Hanyar kanta aji ce. Tafiyar ba ta cika wuce awa biyu da rabi ba, amma jihohi uku ake ratsawa. Daga Kano sai Dambatta, daga nan a shiga Kazaure ta jihar Jigawa, garin da duwatsu suka yi wa ado, sannan a faɗa jihar Katsina. Ku riƙe wannan don jarrabawa: a 1987 aka cire Katsina daga tsohuwar jihar Kaduna, a 1991 kuma aka cire Jigawa daga Kano. Idan ka zarce gaba da Daura kaɗan za ka isa Kongolam, kan iyakar Nijeriya da Nijar, hanyar da ke kai mutum Damagaram.

Muna sauka muka nufi rijiyar Kusugu. Yanzu rijiyar tana cikin gini, akwai masu kula da ita da ke yi wa baƙi bayani. Labarin dai kun san shi. Bayajidda ya baro gabas, ya zauna a Borno, ya biyo ta Gaya inda maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ya iso Daura da dare, ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa. Ta ce masa ba a ɗiba sai ranar Juma'a, saboda wani maciji da ake kira Sarki ya tare rijiyar. Ya je ya kashe macijin. Sarauniya Daurama ta yi masa tayin rabin gari, shi kuma ya ce aurenta yake so. Ɗansa Bawo ya haifi 'ya'ya shida da suka yi sarautar Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano. Idan aka haɗa da Biram, sun cika Hausa Bakwai.

Aka zura guga aka ɗebo mana ruwa muka sha. Abokina ya daɗe yana leƙen rijiyar, sannan ya juyo ya ce, "Mutumina, wai da gaske duk Hausawa daga mutum ɗaya muka fito?"

Wannan ita ce tambayar da nake so ku tsaya a kanta, domin amsarta tana cikin labarin. Da Bayajidda ya iso, gari ya tarar da mutanensa. Ya tarar da sarauniya a kan mulki, kuma tarihin Daura ya lissafa jerin mata da suka yi sarauta kafin Daurama. Ya tarar da rijiya da aka riga aka haƙa. A Gaya ma maƙera ya samu suna aikinsu, ke nan an san ƙarfe tun kafin zuwansa. Haka abin yake a Kano: littafin tarihin Kano ya nuna Bagauda ɗan Bawo ya fara sarauta wajen shekarar 999, amma ya samu mutane zaune a kewayen dutsen Dala. Shi ya sa masana tarihi da dama suke kallon labarin Bayajidda a matsayin bayanin yadda tsarin sarauta ya sauya, da yadda garuruwan nan bakwai suke ɗaukar junansu 'yan uwa, ba labarin mafarin Hausawa ba.

Kada wani ya ce ke nan labarin ba shi da amfani. Rijiyar tana nan, ido ya gan ta. Labarin kuma ya rayu ɗaruruwan shekaru daga baki zuwa baki, har ya kai Agege a bakin wata kaka. Aikin ɗalibi shi ne ya rarrabe abin da ya gani, da abin da aka faɗa masa, da abin da aka rubuta, ya ba kowanne matsayinsa. Wanda ya iya wannan ba za a ruɗe shi da kowane saƙo da ke yawo a WhatsApp ba.

Daga Kusugu muka taka zuwa ƙofar fadar Sarkin Daura. A nan ma akwai darasi. Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo sarautar garin ta koma hannun Malam Isiyaku, tsohon gidan sarauta kuma ya fice zuwa wurare irin su Zango da Ɓaure. A 1906 Turawa suka dawo da tsohon gidan kan karaga. Idan ziyararku ta dace da watan Mauludi, za ku iya tarar da Sallar Gani da hawan dawakinta. Mu dai fura da nono muka sha, muka yi azahar, muka kamo hanya. Kafin magariba muna gida.

Ga shawarata ga mai son yin irin wannan fita. Kada ka taka ko'ina sai da sanin iyayenka, kuma a samu babba a cikin tafiyar, ko yaya ko malami. A fita da wuri, a dawo da rana a sama, tafiyar dare ba ta ɗalibi ba ce. A shiga mota a tasha, ba a bakin hanya ba. A ware kuɗin dawowa daban kafin a fara sayen rake da gyaɗa. A gaida masu kula da wuri cikin ladabi, a nemi izini kafin ɗaukar hoto. Sannan a riƙe ɗan littafi da biro, domin matambayi ba ya ɓata, amma mai mantuwa yana asara.

Ba sai ka je Daura ba. Na Katsina yana da hasumiyar Gobarau, na Kano yana da Dala da Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata, na Sakkwato yana da Hubbare, na Kebbi yana da Argungu. Ko a ƙauye kake, akwai tsohuwar ganuwa ko kuka ko rijiya mai labari, kuma tsofaffin da suka san labarin kullum raguwa suke yi.

Aikin gida: ka zaɓi wuri ɗaya kusa da ku, ka ziyarce shi a wannan hutu, ka rubuto mana abin da ka gani da abin da aka faɗa maka. Za mu buga waɗanda suka fi kyau. Sai mako mai zuwa, a yi hutu lafiya.