Mazan jiya ba duka ne maza ba

A bakin Bahaushe, sojan da ya ajiye kaki ya shiga sahun mazan jiya. Kalma ce ta girmamawa, kuma Damagaram ta san nauyinta tun kafin zuwan Nasara, tun zamanin da Sarki Tanimu ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera suna ƙera masa igwa. Barikin sojan Damagaram ma sunan wannan sarki yake ɗauke da shi. To amma zamani ya wuce kalmar. Yau cikin masu ajiye kaki akwai mata, kuma tsarin kula da lafiyar tsofaffin sojoji, kamar ita kalmar, da maza aka auna shi.

Babu mai musun cewa mata sun shiga aikin ɗamara a Nijar. Suna cikin soja, suna cikin jandarma, suna cikin rundunar tsaron cikin gida. A shekarar 2015 Laftana Ouma Laouali ta zama mace ta farko da ta tuƙa jirgin sama a rundunar sojan ƙasa, magabata suka yi ta alfahari da ita, kuma sun yi daidai. Lokacin da bikin ranar 18 ga Disamba ya zo Damagaram a 2018, mutanen garin sun gani da idonsu mata na wucewa cikin fareti ana yi musu tafi. Abin tambaya shi ne inda tafin yake kai su bayan shekara ashirin ko ashirin da biyar, ranar da aka miƙa musu takardar sallama.

A ɗauki misalin ƴar Dakusa, a gundumar Takeita, wadda ta gama aikinta ta koma cikin dangi. Muddin tana bariki, likitan soja na kusa da ita. Ranar da ta sauka gida kuwa, abin da ke gabanta shi ne ƙaramin gidan likitan gari, inda majo da ungozoma ke fama da zazzaɓin cizon sauro, da ƙyanda, da masu naƙuda. Mutanen kirki ne, amma ba a horar da su kan irin ciwon da kaki ke bari a jikin mace ba, ba su kuma da kayan gano shi.

Ciwon kuwa sananne ne ga likitocin soja a ko'ina cikin duniya. Doguwar tafiya da kaya masu nauyi tana tsaga ƙashin ƙugu da na ƙwauri, kuma abin ya fi samun mata. Takalmi da rigar sulke da aka ɗinka bisa ƙirar namiji suna barin ciwon baya da na gwiwa wanda ba ya bayyana sosai sai girma ya zo. Macen da ke tsaron shinge cikin maza a dajin Diffa ko Tilaberi takan rage shan ruwa, ta riƙe fitsari wuni guda don kunya, ƙarshenta ciwon mara da na ƙoda. A kan wannan sai a ɗora haihuwa. Binciken da aka yi a 2021 ya nuna macen Nijar na haihuwar ƴaƴa fiye da 6 a matsakaici, kuma kaki bai fitar da kowa daga cikin matan Nijar ba.

Babbar magana ita ce ta ciwon daji. Na nono da na bakin mahaifa su ne kan gaba wajen addabar mata a ƙasar nan, kuma sun fi kama mace daga shekara arba'in zuwa sama, wato daidai lokacin da take barin aiki. Idan an gano su da wuri ana warkewa. Gwajin bakin mahaifa ba ya buƙatar wata babbar na'ura, ungozomar da aka koya wa tana iya yin sa. Amma idan ciwo ya yi nisa har sai an gasa shi da haske, cibiyar da ke wannan aiki a Yamai take, a 2021 aka buɗe ta, kuma tsakanin Damagaram da Yamai tafiyar kusan kilomita 900 ce. Ɗan kasuwar da ke bin wannan hanya ya san kuɗin mota, ya san kuɗin masauki, ya san cewa maras lafiya ba ta tafiya ita kaɗai, kuma jinyar makonni ce. Ma'aikacin gwamnati kuma ya san abin da fanshon ƙaramin soja ke iya saye. Su biyun su haɗa lissafin.

Za a ce ai doka ta tanadi magani kyauta. Gaskiya ne, a zamanin Tandja Mamadou, daga 2005 zuwa 2007, an yafe kuɗin tiyatar haihuwa, da awon ciki, da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5, da na ciwon dajin mata. A 2024 kuma an rage kuɗin ganin likita a asibitocin gwamnati. Sai dai duk wanda ya taɓa jinya ya san yadda kyautar ta kasance: gwamnati ta yi ta jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu, kantin maganin asibiti ya bushe, aka koma miƙa wa mutane takarda su je farmasi su saya. Kyautar da ba ta haɗa da kuɗin mota ba, ga matar Dakusa, rabin kyauta ce.

Akwai kuma raunin da ba ya fitar da jini. Tun harin Bosso da Diffa na Fabrairun 2015, da na Inates a Disambar 2019 inda sojoji 71 suka kwanta dama, da na Shinagodar a Janairun 2020 inda aka rasa 89, rundunar ƙasa ba ta huta ba. Ba sai mace ta riƙe bindiga a bakin daga ba kafin abin ya taɓa ta. Wadda ta wanke raunuka, da wadda ta karɓi kiran neman agaji a waya, da wadda ta rubuta sunayen matattu, duk suna iya komawa gida da firgita da rashin barci. A ƙauye za a ce iska ce, a kai ta wurin mai magani. Wani raunin ma ya fi wannan wuyar faɗa, wato cin zarafi daga abokin aiki ko daga na gaba. Amurka, da duk arzikinta, sai a 1992 ta yi dokar da ta buɗe wa tsofaffin sojojinta mata ƙofar jinya kan wannan, bayan wani abin kunya da ya auku a taron sojojin ruwanta a 1991. Duk rundunar da ta yi bincike ta sami abin a cikinta. Macen da aka rena da kunya ba za ta faɗi irin wannan a gaban kwamitin maza zalla ba, balle idan tsohon shugabanta na zaune a ciki.

Wani zai ce, da hujjarsa, me ya sa za a fifita ƴan ɗaruruwa ko dubbai a kan miliyoyin matan karkara da ke haihuwa ba ungozoma? Amsar ita ce wannan ba fifiko ba ne, biyan bashi ne. Wanda ya ɗauki mutum aiki ya sa shi cikin haɗari, jinyarsa na wuyansa, haka ake yi ko a shagon tireda. Damagaram ta ga yadda ake cinye irin wannan bashi. Dattawan da suka yi wa Faransa yaƙi, dokar 1959 ta daskarar da fanshonsu, ba a daidaita shi da na Faransawa gaba ɗaya ba sai 2011, lokacin da akasarinsu suna kushewa. Ƙasar da ta yi shekara hamsin tana kukan wannan zalunci bai kamata ta maimaita shi a kan ƴaƴanta mata ba.

Tarihi ya kuma nuna wa ake saurara. A Fabrairun 1992 ƙananan sojoji suka yi bore kan albashi, suka kame gidan rediyo, suka tsare shugaban majalisar riƙon ƙwarya André Salifou, nan da nan aka zauna da su. Tsohuwar soja ba ta da bindiga, ba ta da sandika. Abin da take da shi shi ne gadon matan da suka fito a Yamai ranar 13 ga Mayun 1991 suka ƙwaci kujerunsu a shirin Babban Taron Ƙasa. Ƙungiyoyin matan da ke bikin wannan rana kowace shekara su sa maganar cikin buƙatunsu.

Ma'aikatar tsaron ƙasa ta fara da fitar da adadin matan da suka bar aiki da jihohin da suke zaune, domin ba a tsara wa wanda ba a ƙidaya ba. Kafin a sallami mace a yi mata cikakken gwaji, har da na nono da na mahaifa, a ba ta kundin lafiyarta a hannu. A ware rana guda a wata a babban asibitin Damagaram ko a cibiyar kula da uwa da yaro, inda likita mace za ta duba tsofaffin ma'aikatan ɗamara, kuma katinsu ya isa shaida. Wadda aka tura Yamai, a biya kuɗin motarta da na mai rakiyarta tun kafin ta tashi daga tasha.