WA YA ZAƁA MAKA MANHAJAR DA KE CIKIN KWAMFUTARKA?

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya taɓa sayen kwamfuta a kasuwanninmu, ko a Kano ne ko a Kaduna ko kuwa can Ikeja a Ikko, ya san yadda cinikin yakan ƙare. Bayan an daidaita a kan kuɗi, sai mai shago ya dube ka ya ce, "Alhaji, a cika maka ita?" Kai kuma ka ce a cika. Nan da nan yaronsa zai zaro filashi daga aljihu, kafin ka sallaci la'asar ka dawo an loda mata manhajoji kusan ashirin, da na rubutu da na lissafi da na zane da na gyaran hoto, har da waɗanda injiniyoyin gini kaɗai suka san amfaninsu. Ka rungumi abarka ka nufi gida kana murna ka yi arha. To, a kan wannan al'ada nake so mu tattauna yau, domin a ganina ita ce tushen yawancin wahalar da akawuna da malaman makaranta da masu shagon buga takardu suke sha a hannun wannan na'ura.

Kwamfuta ita kaɗai ƙarfe ce da roba. Manhaja ita ce mai yin aikin, watau ita ce ke karɓar wasiƙarka ta tsara ta, ita ce ke haɗa lissafin albashin ma'aikata ko sakamakon jarrabawar ɗalibai. Mutumin da zai ɗauki akawu a ofishinsa ba ya barin wani ɗan kasuwa ya zaɓa masa, amma ga shi mun bar yaron shago yana zaɓa mana abin da za mu damƙa wa takardunmu na shekara da shekaru.

Mu fara da gaskiyar da kowa ya sani amma ba a son faɗa. Mafi yawan abin da ake loda mana ɗin nan na sata ne. Word da Excel kayan sayarwa ne na kamfanin Microsoft, ko dai ka biya haya wata wata ko shekara shekara a tsarin da suke kira Microsoft 365, ko kuma ka saya gaba ɗaya kamar Office 2024. Kamfanin Adobe, mai Photoshop, tun shekarar 2013 ya koma tsarin haya. Ni ban ga laifin talaka ba idan ya ji farashin ya ja da baya, musamman tun watan Yuni na 2023 da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da Naira 500 ta haura 1,500 a farkon 2024. Amma arhar nan tana da ƙaiƙayi. Kafin manhajar sata ta zauna, galibi sai an kashe mai gadin kwamfutar, watau manhajar da ke kama ƙwayoyin cuta, sa'an nan a saka wani ɗan abu da ba ka san wanda ya ƙera shi ba domin ya karya makullin. Sau da yawa kuma a gargaɗe ka kada ka yarda ta sabunta kanta, don kada asiri ya tonu. Ka ga ke nan an sallami mai gadi, an ba baƙo makulli, an kuma hana magini zuwa ya toshe ɓaraka. A watan Mayu na 2017 wata cuta mai suna WannaCry ta kulle fayilolin mutane a ƙasashe fiye da 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, kuma injunan da ta kama su ne waɗanda ba a saka musu gyaran da Microsoft ya fitar wata biyu kafin nan ba. In haka ta sami Turawa, ina ga kwamfutar makarantar da filashin malamai goma ke shiga cikinta kullum? Ban da wannan ma, dokar haƙƙin mallaka da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2023 ta haɗa da manhaja, kuma ko babu doka, haƙƙin wani haƙƙin wani ne.

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, a matsayina na mai rubutu da Hausa, shi ne maganar haruffa masu ƙugiya. A nan ne zaɓen yaron shago ya fi cutar da mu, domin shi bai taɓa tunanin da Hausa za ka yi aiki ba.

Bari in ba ku abin da ya same ni. Na taɓa aika labari zuwa Ikko a kan wani rikici tsakanin manoma da waɗansu baƙin makiyaya, wanda hakimi ya kira su fada ya sasanta. A kwamfutata komai daidai yake, kowace ƙugiya tana wurinta. Da fayil ya isa can, sai duk inda na rubuta ɗ ya fito da alamar ], inda na rubuta ƙ ya fito da }, ɓ kuwa ya koma ~. Wanda ke tsara shafin ba Bahaushe ba ne, ya ɗauka kuskuren bugu ne, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya mayar da su d da k da b. Washegari jama'a suka karanta cewa an sasanta "fada a fada", baƙin makiyaya suka zama "bakin makiyaya". Na sha waya ran nan har kunnena ya yi zafi, kuma ban ga laifin mutumin ba, nawa ne da ban san abin da nake aiki da shi ba.

Ga yadda abin yake. A shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ba ta san haruffanmu ba, waɗansu malamanmu masu kishin harshe suka yi dabara, Allah Ya saka musu da alheri. Suka ƙera zubin haruffa na musamman, inda suka zana ɗ a gurbin ], suka zana ƙ a gurbin }. Watau idonka yana ganin ɗ, amma a cikin cikinta kwamfuta ] ta ajiye. Muddin fayil ya je injin da ba shi da wannan zubi, ko ka kwafe rubutun zuwa WhatsApp ko Facebook, sai rigar ta faɗi. Dabarar ta yi amfani a zamaninta, an buga littattafai masu yawa da ita, amma zamaninta ya wuce. Yanzu akwai tsarin duniya da ake kira Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa ta kansa: ɓ tana da 0253, ɗ tana da 0257, ƙ tana da 0199, har da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa a inda mu muke sa 'y. Harafin da aka rubuta ta wannan hanya, ko Sin aka kai shi yana nan yadda yake. Zubin haruffa na yau da kullum kamar Times New Roman da Arial na Windows ɗin zamani duk suna ɗauke da su, haka nan Charis SIL da Noto waɗanda kyauta ake ba da su. Windows kuma tana da allon rubutun Hausa a cikinta, sai dai ka shiga wurin zaɓen harshe ka ƙara shi, ga kuma wata manhaja ta kyauta mai suna Keyman da aka yi musamman don harsuna irin namu. Wanda ya matsu yana iya buga lambar harafin a Word ya danna Alt da X tare, sai dai in harafin ya biyo bayan a ko e, kamar a kalmar faɗa ɗin nan da ta ja mini, to ya sa U+ a gaban lambar, in ba haka ba Word za ta haɗa su ta rikice.

Abin takaici, har yau ana samun maɗaba'u da ofisoshi da ke riƙe da tsohuwar dabarar, waɗansu kuma sun yar da ƙugiyar baki ɗaya wai ɓata lokaci ce. Tun shekarun 1930 aka tsayar da haruffan nan, da su Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yi suna bayan fitowarta a 1939, a zamanin da ake jera haruffan dalma. Abin kunya ne a ce mu da muke da na'ura mai ƙwaƙwalwa mu ne za mu kasa bambanta ƙasa da kasa, ko bari da ɓari.

To, idan ba na sata ba, kuma aljihu bai kai na saye ba, ina mafita? Akwai LibreOffice, wadda wata gidauniya mai mazauni a Jamus take kula da ita tun 2010. Kyauta ce ta halal, ba kyautar yaron shago ba. Tana da Writer na rubutu da Calc na lissafi da Impress na gabatar da jawabi, tana buɗe fayilolin Word da Excel, tana mayar da takarda PDF, kuma ba ta bukatar intanet bayan an saka ta. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawara a 2024 ta mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kimanin 30,000 kanta, su da ba kuɗin ne suka rasa ba. Ni da ita nake aiki, amma ba zan yaudare ku ba, tana da nata. Takardar Word mai tarin jadawali da hotuna takan ɗan goce idan an buɗe ta a Writer, shafi ya zarce inda bai kamata ba. Akawun da ofishinsa ke da tsohon fayil na Excel cike da dabarun lissafi na musamman, gara ya sa ofis ya sayi lasin na gaskiya, ya fi masa kwanciyar hankali. Mai aikin katin biki da kalanda kuma ya san maɗaba'unmu da CorelDRAW suka saba, ko da yake Inkscape da Scribus na kyauta suna yin aikin in an iya su. Amma malamin da bukatarsa ita ce takardar jarrabawa da jerin maki, ko sakataren ƙungiya mai rubuta wasiƙa da bayanin taro, ban ga abin da zai sa ya kwana da kayan sata a injinsa ba. Google Docs ma tana da kyau wajen aikin haɗin gwiwa, sai dai wanda ya san halin wutar lantarki da kuɗin data a garuruwanmu zai yi tunani biyu kafin ya jingina duk aikinsa a kanta.

Kowace ka zaɓa, ka lura da irin fayil ɗin da take ajiye maka. Masu shagon da suka tara aikin shekaru a PageMaker, wadda fitowarta ta ƙarshe ita ce ta 7 a 2001, sun san zafin neman injin da zai buɗe musu shi yau. Takardar da aka gama, wadda ba a son kowa ya taɓa, a aika da ita a PDF, domin tana tafiya da zubin haruffanta. Wadda za a ci gaba da gyarawa kuwa a bar ta a docx ko odt, waɗanda manhajoji da yawa ke karantawa.

Saura magana ɗaya ga masu shirin sayen ta hannu. Ran 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya daina kula da Windows 10, ranar da ya daina kula da Office 2016 da Office 2019, sai dai ƙarin wa'adin gyaran tsaro zuwa Oktoba 2026 da ya ba masu Windows 10 da suka yi rajista. Windows 11 kuwa ba ta karɓar yawancin injunan da aka ƙera kafin wajen 2018, domin tana neman wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da kuma ƙwaƙwalwa ta zamani. Irin waɗannan injuna ne ofisoshin Turai da Amurka ke sallama, kuma kowa ya san kasuwar da suke nufa. Mai shago zai ce maka ya san hanyar tura mata Windows 11 da ƙarfi, kuma gaskiya ne ana yi, amma kamfanin da kansa ya ce bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan inji gyara ba. Tsohon inji mai lafiya yana iya ɗaukar Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda kyauta ne, ya yi aikin rubutu da lissafi na wasu shekaru, in mai shi zai jure koyon sabon wuri na mako biyu ko uku.

Ni dai yanzu idan na raka wani sayen kwamfuta, takarda nake sa ya rubuta tun daga gida, ayyukan da zai yi da ita, sau da yawa ba su wuce uku ba. In mai shago ya ce a cika, mu ce a'a, mu karanta masa abin da za a saka. Kafin mu biya kuma sai na zauna na buga "ɓarawo ya ɗauke ƙwarya", na aika wa wayata, na duba ko ƙugiyoyin uku sun iso.