Faɗi Irin Jinyar da Kake So Tun Kana Iya Magana



Mun san wasiyya, amma tamu ta bayan rai ce: gado, bashi, marayu. Akwai wata da muke sakaci da ita, wato ta ranar da mutum ke kwance a asibiti da ransa amma ba baki. Likita yana jiran amsa: a yanke ƙafar mai ciwon suga ko a bari? A ci gaba da wankin ƙoda? A sa shi a injin numfashi? Matarsa na bakin gado ba ta jin Turanci, yayansa kuma na Katsina yana cewa ta waya a ɗauko shi a kawo gida. Mu da ke zaune a kudu abin ya fi shafa, domin masu faɗa a ji a danginmu suna nesa.

Doka ta ba majinyaci bakin magana. A 2001 Kotun Ƙoli, a shari'ar Dokta Okonkwo, ta tabbatar cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin maganin da bai yarda da shi ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma, a sashe na 23, ta ce a yi wa mara lafiya bayanin ciwonsa da hanyoyin magani da haɗarin kowacce, cikin harshen da yake ji in da hali. To amma ranar da mutum ya fita hayyacinsa, wa zai riƙe masa wannan haƙƙi in bai taɓa faɗin ra'ayinsa ba?

Shawarata ita ce kowane magidanci da uwargida su zauna da iyali su warware abu uku. Na ɗaya, wa zai yi magana a madadinka. A zaɓi mutum guda da ke nan kusa. Na biyu, wane magani ka yarda da shi, wane ne ba ka so. A fara jin bayanin likita tukuna. Na uku, in ciwo ya yi tsanani, a nan za a yi jinya ko a Arewa? A tuna doguwar tafiya a mota tana iya ƙarasa mai rauni a hanya, kuma asibitin koyarwa na Ibadan yana da sashen rage wa masu ciwo mai tsanani raɗaɗi.

A rubuta, ko da boko ko da ajami, a sa hannu gaban shaidu biyu, a ba wakili kwafi, a nuna wa likita.

Wani zai ce wannan kiran mutuwa ne. Ai wanda ya rubuta wasiyya ma ba ranarsa ya matso da ita ba. Rai na Allah ne, ba wanda ya ce a gaggauta wa kowa. Sauƙi muke nema wa iyali, kada a bar su da husuma a bakin gado da zargin juna bayan an yi rashi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.

Sakatare