RIGA DA HULA BA HUJJAR BINCIKE BA CE

Duk direban da ke ɗauko albasa daga Aliero, ko shanu daga Potiskum, ya nufo Ikko ko Badun ko Anaca, ya san shingayen 'yan sanda kamar yunwar cikinsa. Ya san inda ake ɗaga hannu a wuce, ya san inda sai an sauka. Amma da yawa daga cikin direbobin nan ba su san cewa akwai dokar da ta tsara yadda za a bincika mota ba, kuma ta ɗaure ɗan sanda kamar yadda ta ɗaure direba.

A cikin watan Satumba na 2020 aka sa hannu a kan sabuwar Dokar 'Yan Sanda, wadda ta maye gurbin tsohuwar da aka gada tun 1943, zamanin Turawa. Sashe na 49 ya ba ɗan sanda ikon tsai da mota ya bincika ta ba tare da takardar kotu ba, muddin yana da ƙwaƙƙwaran dalilin zaton akwai kayan sata ko haramtaccen abu a ciki. Saboda haka direban da ya ce ba za a buɗe masa mota ba sai an kawo waranti, ya jawo wa kansa wahala a banza.

To, sai dai ikon nan yana da sharaɗi. Sashe na 50 ya ce kafin a taɓa motar, wajibi ne ɗan sandan ya faɗi sunansa da ofishin da ya fito, ya faɗi abin da yake nema da dalilin nemansa, kuma ya kasance cikin kayan sarki ko ya rataya katin shaidarsa inda kowa zai gani. In ya yi tambaya aka ba shi amsa mai gamsarwa, yana iya barin binciken ɗungum.

Sashe na 54 shi ne ya fi shafar 'yan Arewa mazauna Kudu. Ya ce launin fatar mutum, ko shekarunsa, ko askinsa, ko irin tufafin da ya sa, ba dalilin zato ba ne. Haka kuma ɗaukar wata al'umma a matsayin wadda ta fi kusa da aikata laifi. Watau babbar riga da hula da gemu ba su isa a sauke wa mutum lodi a tsakiyar rana ba, a bar tumatir yana ruɓewa alhali kasuwar Mil 12 tana jira. Tsarin Mulki na 1999 ma, a sashe na 41, ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin yawo da zama a duk inda ya so a Nijeriya.

Wannan irin zato ba ƙaramin abu ba ne. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, 'yan banga suka tsai da wata babbar mota ɗauke da mafarauta da suka taso daga Fatakwal za su gida yin Salla. Aka ga bindigogin farauta, aka ce masu satar mutane ne, taron jama'a ya kashe mutum 16. Ba 'yan sanda suka tsai da su ba, gaskiya ne, kuma sashe na 49 bai ambaci ɗan banga ba. Amma in ma'aikacin hukuma ya saba yanke wa mutum hukunci da ganin hularsa, me zai hana ɗan banga ya kwaikwaye shi?

Sanin doka kuwa ba ya nufin ɗaga murya a gaban mai bindiga cikin dare. Direba mai hankali zai tsaya, ya kashe inji, ya miƙa lasin da inshora da takardar lodi, sa'an nan ya tambaya cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, me ake nema?" Ya tsaya kusa yana kallo har a gama, domin kada wani abu ya ɓace, kada kuma wani abu ya shigo. Yaron mota ya riƙe sunan da ke ƙirjin ɗan sandan da lambar motarsu. In an kai ga kamu, ba a kama yaro a madadin maigidansa, beli kyauta ne, kuma inda akwai kotu kusa, dole a kai mutum gabanta cikin kwana ɗaya.

Direba shi kaɗai a dajin Ore ba zai iya ja da kowa ba, shi ya sa yake miƙa na goro ya wuce. Nauyin yana kan shugabannin tasha da Sarakunan Hausawa na Agege da Sabon Badun da Shagamu. Su sa a juya sassan nan uku zuwa Hausa, da boko da ajami, a manna a kowace tasha, su kuma ajiye lauya guda wanda direba zai kira tun yana bakin shingen.