Faifai ya tafi, mai turi ya gaje shi: wa zai adana mana finafinanmu?

Kwanakin baya wani ƙanena da ke aikin gini a Libiya ya turo mini saƙon murya cikin dare. Wani tsohon fim yake nema, wanda muka kalla muna yara a gidan kallo a Dungas, lokacin da ake biyan kuɗin shiga a zauna kan benci injin yana ta ruri a bayan zana. Ya ce ya juye YouTube kaf, guntun waƙar fim ɗin kawai ya samu. Da na je gida na buɗe adakar da Baba ke zuba faya-fayansa, na yi sa'a na ga fim ɗin. Kashi na ɗaya lafiya lau a ido, kashi na biyu ya karce kamar an ja shi a kan tsakuwa. Na'urar kallon kuwa ta daɗe da mutuwa, yara sun kwance ta. A ƙarshe a shagon wani yaro mai tura finafinai a bakin kasuwa na same shi. Ko minti uku bai yi ba ya zuba mini shi a waya.

Tun ranar nake sauraron gardamar faifai da intanet da wani kunne daban.

A Turai da Amurka gardamar tana da tushe. A watan Satumba na 2023 Netflix ta rufe sashenta na aika faifan DVD ta gidan waya, bayan shekara 25 tana yi. A Disamban shekarar Sony ta sanar da masu PlayStation cewa za ta cire wasu shirye-shiryen Discovery da suka riga suka saya da kuɗinsu, sai da aka yi ca a kanta sannan ta janye. Daga nan masu son faifai suka samu abin faɗa: abin da ke hannunka shi ne naka, na intanet aro ne. Matasanmu na birni sun ɗauko wannan gardama yadda take suna yi a Facebook. Sai dai a Dungas da Magarya akwai na uku a fagen, kuma shi ya yi kaye. Sunansa memori.

Bari mu tuna yadda abin yake a da. Tun daga Turmin Danya a 1990, kasuwar fim ɗin Hausa a kan abin da hannu ke taɓawa ta tsaya: kaset tukuna, daga baya faifan CD. Cibiyar ita ce Ƙofar Wambai da Bata a Kano. Furodusa ya kai wa 'yan kasuwa asalin fim tare da kwalayen da ya buga, su kwafa su zuba a kwali, a biya shi gwargwadon kwalin da aka sayar. Kwalin shi ne kuɗin. Daga Kano kaya su biyo motocin da ke zuwa Maigatari kasuwar Alhamis, su tsallako mana tare da atamfa da batir da omo. Da wannan tsari, duk da ramukansa, aka yi Sangaya, aka gina sunayen da har yau ake ji.

Ba na cikin masu kukan faifai don kansa. Wanda ya zauna a ƙasarmu ya san abin da ƙura da zafin bazara ke yi wa faifai mai araha. Ana tsakiyar kallo ya tsaya cak, a ciro a goge da bakin riga, a mayar, ya tsallake inda ake jira. Satar fasaha ma ba da waya ta zo ba. Tun zamanin faifai ake buga na jabu a sayar rabin kuɗi. Sannan faifai yana son wuta da talabijin. Da Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki a Agustan 2023 bayan juyin mulki, har zuwa Maris na 2024, kowa ya ga wane ne ya rage yana kallo: mai waya da ɗan faranti na sola, ko mai dala biyar-goma na biyan caji. Faifan CD ɗaya megabait 700 yake ɗauka. Memori mai gigabait 32, wanda bai kai farcen ɗan yatsa ba, ya haɗiye irinsa sama da 40. Babu wata soyayyar tsohon zamani da za ta kayar da wannan lissafi.

Amma masu cewa intanet ta warware komai su ma daga nesa suke hange. Gaskiya ne Izzar So da Labarina, da suka fara a 2020, sun nuna ana iya rayuwa da YouTube da tashar Arewa24, kuma an gwada manhajojin biya irin su Northflix. To wa ke kallo a can? Ɗan birni mai data, da ku 'yan uwanmu da ke Saudiyya, Libiya, Gana ko Faransa. Manomi a ƙauyen Dungas ba zai ƙona kuɗin cefane a kan shiri mai awa guda ba, ko da layin ya yarda. Abin da ke faruwa shi ne mai turi ya sauke shirin sau ɗaya, ya zuba wa mutum ɗari, su kuma su raba ta Xender a majalisa da gidajen biki. A lissafin YouTube mutum ɗaya ne ya kalla. Kuɗin talla na mutum ɗaya ne zai je Kano. Wato jama'ar da suka fi kowa riƙon fim ɗin Hausa da amana sun ɓace daga littafin ciniki gaba ɗaya.

Memori ba mugu ba ne, ya yi wa mawaƙa rana. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, kuma daga waya zuwa waya waƙoƙin suka ratsa Sahara. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya a wayoyin mutane a arewacin Mali, ya sa ta cikin tarin Music from Saharan Cellphones a 2011, ya nemo mai ita aka biya shi. Abin dariya, a kan faifan garmaho aka buga tarin. Yau Mdou yana zagaya duniya da jitarsa. Amma mawaƙi yana da biki da dandali da zai ci abinci da sunan da memori ya yi masa. Furodusan da ya ciyar da mutum hamsin kwana ashirin a wurin ɗaukar fim ba shi da wani dandali sai fim ɗin.

Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne, ajiyar ce. Faifai, da duk rauninsa, ya bar kwafi dubbai warwatse a gidaje. In na wannan ya karce, na wancan yana nan. Yanzu na'urorin sun ƙare, faya-fayan sun koma madubin keke da abin korar tsuntsu a gona. YouTube kuma kasuwa ce, ba ɗakin ajiya ba: ƙorafin haƙƙin mallaka uku sun isa a rufe tasha da duk abin da ke cikinta, kuma babu mai ɗora abin da ba zai ja masu kallo ba. Ku gwada neman waƙoƙin Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram cikakku da sauti mai kyau, ko na makaɗan dambe da kokawar yankinmu da aka naɗa a kaset. Abin da za ku samu ɗan kaɗan ne, mafi yawa kwafin kwafi. A aikace, babban ɗakin adana finafinan Hausa da waƙoƙinmu a yau shi ne rumbun kwamfutar masu turi, wanda faɗuwa ɗaya daga kan tebur ta isa ta tafi da shi.

Shi ya sa nake ganin lokaci ya yi da za a daina kallon mai turi a matsayin ɓarawo kawai. Na san masu fim za su ce da guminsu yake ci, kuma ba ƙarya suka yi ba. Amma kama shi ba zai dawo da Ƙofar Wambai ba, gobe wani yaron zai buɗe a rumfar da ke kusa. Shi ne dillalin da ya rage mai kai kaya har inda data ba ta zuwa. A Kano masu turi sun yi ƙungiya, har wasu furodusoshi kan sayar musu da fim kai tsaye. Wannan ciniki bai kamata ya tsaya a Maigatari ba. Nijar tana da hukumar kare haƙƙin mallaka, BNDA. Me zai hana ta zauna da takwarorinta na Najeriya da ƙungiyoyin masu fim, a yi wa shagunan turi rajista, su riƙa biyan ɗan abin da ba zai karya su ba duk wata, a ba su kwafi mai kyau ranar da fim ya fito? Kuɗin ba zai yi yawa daga shago ɗaya ba, amma shagunan daga Magarya zuwa Agadas ba kaɗan ba ne.

Ku kuma da ke waje, kuna da abin yi wanda bai jiran gwamnati. In za ku kalli shiri, ku kalla a tashar masu shi, ba a ta wanda ya sato ya liƙa sunansa ba. Kuma cikin abin da kuke aikowa gida, kuɗin rumbun ajiya guda ba zai gagara ba: a tattaro kaset da faya-fayan da suka rage a unguwa, a juye su tun ana samun na'urar da za ta karanta, a ajiye kwafi biyu a wurare biyu, ɗaya a gidan rediyon gari ko ɗakin karatu.

Na tura wa ƙanena fim ɗin ta WhatsApp, gutsure-gutsure, hoton ya dusashe amma ya ce har ya yi hawaye. Da na koma shagon in yi wa yaron godiya, sai ya ce na zo a kan gaɓa. Rumbunsa ya cika, sabbin shirye-shirye masu dogon zango da fassarar Indiya suna jiran wuri, kuma a makon nan zai goge jakar tsofaffin finafinai, tunda ni kaɗai na tambaye su a bana.